Rubutun da Inna ta ba ɗana ranar tiyata

Shekarun baya, lokacin muna haya a Unguwar Dosa ina aikin masinja a wata ma'aikata, wanzamin da ya zo yi wa ɗana kaciya ya ja ni gefe. Ya ce ya laluba, ɗaya daga cikin 'ya'yan marainan yaron bai sauko ba, in kai shi asibiti kafin a yi komai.

Ni kuwa mutum ne da idan na kulle ƙofa sai na koma sau uku na duba. To ku ƙiyasta halin da na shiga.

A asibiti likita ya ce abin ya maƙale can cikin ciki, jijiyar jininsa kuma gajeriya ce, ba za ta kai ƙasa ba. Sai an yanke ta an haɗa da wata, a ɗinke da zaren da ya fi gashi siriri, ana dubawa ta madubin da ke ƙara girman abu. Mai yin irin wannan aikin baƙon likita ne, mako ɗaya kacal zai yi a Kaduna. Aka sa mu ranarsa ta ƙarshe, aka gargaɗe mu kada yaron ya ci komai ko ya sha komai da safen.

Ranar na tsare shi kamar soja. Fita ɗaya na yi, na je sa hannu a takarda. Da na dawo sai na tarar da mahaifiyata tana goge masa baki da gefen mayafinta, ga ƙaramin kofi a hannunta. Rubutu ta karɓo wurin malaminta, ta dama da nono don kada yaron ya ƙi sha.

Na ce, "Inna, ai an hana shi shan komai."

Ta ce, "An hana abinci dai. Ayar Allah abinci ce? Ka rufe bakinka, kada ka sa a kore mu."

Na tsaya a baranda ina zufa. Idan na faɗa, ƙila a fasa aikin, baƙon ya tafi. Idan na yi shiru, ban san abin da zai faru ba. Har an turo gadon ɗaukarsa sannan na tari wata nas, dattijuwa 'yar kudancin Kaduna, na gaya mata.

Ta dube ni, ta dubi Inna, ta ce, "Mama, da kin shafa masa a kai, ai albarkar ɗaya ce." Ta bayyana mana cewa idan an sa yaro barci da abu a cikinsa, yana iya yin amai ya shige masa huhu. Ta shiga ta yi magana da likitan, aka mayar da mu na ƙarshe a layi.

Muka yi ta jira har la'asar. Aka shiga da shi, aka daɗe, sannan likitan ya fito ya ce jini yana gudana, abin ya zauna inda ya kamata. Nan take na zauna a ƙasa.

Yaron nan yanzu magidanci ne. Inna har ta rasu tana gaya wa mutane rubutunta ne ya saukar da abin, ni kuma ban taɓa yi mata musu ba. Amma har yau idan na tuna saura kaɗan in bi maganarta in yi shiru, sai in ajiye abin da nake yi in yi hamdala.