Tarin da Hamidu Ya Ɓoye, Ni Kuma Na Taya Shi

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar Hamidu, abokina na kwaleji a Tanout. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki biro in ajiye, domin ba zan iya ba da labarinsa ba sai na haɗa da nawa, nawa kuwa ba mai daɗin faɗi ba ne. Yanzu na bar koyarwa, furfura ta gama kai, ban ga abin da nake jira ba.

Ni ɗan manoma ne daga Falanko. Shi kuwa iyayensa makiyaya ne, suna yawo da shanunsu a arewacin Belbeji, kuma a duk danginsu shi ne ya fara shiga lakwal, wato makarantar boko. Gidan masauki ɗaya aka kai mu, wajen wata tsohuwa mai sayar da fura da muke ce wa Inna Kande. Ɗaki ɗaya, tabarma biyu, shekara huɗu. Yana koya mini lissafi, ina gyara masa Faransanci. Burinsa ya zama likitan dabbobi, domin yana ƙarami ya ga yadda farin farko ya kwantar da garken ubansa, saniya bayan saniya, babu wanda ya san abin yi.

A shekararmu ta ƙarshe fari ya dawo. Hatsi ya yi wuya, kowa ya rame, don haka da Hamidu ya fara ramewa ban sa a raina ba. Tari ma kowa na yi. Sai wata Lahadi da hantsi muna wanki a bakin rijiya, tari ya sarƙe shi, ya toshe baki da rigar da ke hannunsa. Da ya cire na ga jini.

Na ce, "Hamidu, tashi mu je likita."

Ya dunƙule rigar ya tura cikin bokiti. "Mutari, saura wata uku birbe. In suka gani korata za su yi. Ka bari in rubuta jarrabawa, daga nan ka kai ni inda kake so. Ka rantse ba za ka gaya wa kowa ba."

Na rantse.

Ya kamata mai karatu na yau ya san abin da muke tsoro. A tsakaninmu ɗalibai magana ce da kowa ya yarda da ita: wanda aka samu da tarin fuka, a ranar za a share sunansa, a sa shi a babbar mota zuwa Damagaram a keɓe shi, karatu ya ƙare ke nan. Babu wanda ya san mutum ɗaya da aka yi wa haka. Babu kuma malamin da ya taɓa tsayawa gaban aji ya ce ƙarya ne. Likita, wato asibitin garin, tana nan, tafiyar da ba ta kai ta zuwa kasuwa ba, amma abin da muka sani a kanta kinin ne da wankin ciwo. Kafin ka je ma sai mai kula da ɗalibai ya sa hannu a littafi, ya tambaye ka abin da ke damunka a gaban duk wanda ke tsaye. Birbe kuwa, takardar kammala kwaleji, ita ce ƙofa ɗaya tak da ɗan makiyayi zai bi ya wuce gaba.

Ban tsaya ga yin shiru kawai ba, taya shi na yi. Na ce wa Inna Kande mura ce. Na sayo masa sassaƙe a kasuwa muna jiƙawa. A aji na koma zama gabansa don in tare shi daga idon mushe, wato malaminmu. Na ɗauka abota nake yi.

Akwai ranar da har yau ba ta bar ni ba. Majo, babban ma'aikacin likita, wani dattijo mai suna Malam Isufu, ya zo makaranta yi mana allurar sanƙarau. Muna jere. Da ya kama hannun Hamidu sai ya dakata, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Yaro, lafiyarka kuwa?" Hamidu ya buɗe baki zai amsa. Na ga idonsa, kuma na yi imani da an ƙara masa ɗan lokaci kaɗan da ya faɗi gaskiya, don ya gaji. Ni ne na yi caraf daga bayansa na ce, "Karatu ne, Majo. Ba ya hutawa." Majo ya gyaɗa kai, ya yi masa allura, ya kira na gaba.

Hamidu ya rubuta birbe. Kwana biyu bayan haka mahaifinsa, Baffa Jaɓɓi, ya zo da raƙumi ya ɗauke shi. Na tuna masa alkawarin zuwa likita, ya ce in ya sha nono wata ɗaya zai dawo da ƙarfinsa mu je. Ban matsa ba. Sakamako ya fito, ya ci, sunansa na sama da nawa nesa ba kusa ba. Ban sani ba ko labarin ya iske shi. Kafin kaka wani mai sayar da awaki ya tare ni a kasuwar Tanout ya yi mini gaisuwar mutuwa, yana zaton na riga na ji.

Daga kasuwar na wuce likita, na gaya wa Majo komai. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Tashi ya yi ya buɗe wani kabad na ƙarfe ya nuna mini kwalaye jere.

"Ka ga wannan? Tun kafin ku zo garin nan yake nan. Allura kullum da safe, sai ƙwayoyi. Da ya ɗan huta a gida, ya koma aji. Wa ya ce muku kora ake?"

Na ce, "Haka muka ji, Majo."

Ya rufe kabad ɗin, ya ce, "Ni ma da laifina. Na ga yaron nan, na yarda da bakinka."

Ya sa aka ɗauki hoton ƙirjina, Allah ya tsare ni. Ya aika aka kawo ƙannen Hamidu aka duba su, aka tarar ƙaramar, Jumma, ta kamu. Da maganin nan na cikin kabad ta warke. Tana nan da ranta a wajen Gangara, ta yi jikoki.

Nakan tambayi kaina abin da Hamidu zai ce da zai ga yau. 'Yata ta ƙarshe tana jami'a. Ta ce suna da ɗakin likita a cikin makaranta, an lilliƙa takardu a bango ana bayanin cututtuka, ga salula a hannun kowa. Na san zai yi murna, shi mai son ganin abu ya gyaru. Amma shi ɗan lissafi ne, ba ya karɓar amsa sai ya duba yadda aka same ta. Zai tambaya: suna zuwa kuwa? Na yi wa 'yar tawa wannan tambayar. Ta ce mai zazzaɓi yana zuwa. Wanda damuwa ta hana shi ci da karatu, ko mai ciwon da yake jin kunyar faɗi, ya fi son ya gaya wa abokin ɗakinsa, ya ce kada kowa ya ji. Gini ya canza, magani ya ƙaru, amma har yanzu abokin ɗaki ne likitan farko, kuma sau da yawa bai fi ni sani ba a wancan lokaci.

Don haka roƙona ga masu riƙe da makarantu bai wuce wannan ba: kada ku ɗauka tun da ƙofa na buɗe yara sun san abin da ke bayanta. Ku shiga aji ku faɗa da baki, kowace shekara, cewa ciwo ba ya jawo kora, kuma abin da aka gaya wa likita a ɗakinsa yake tsayawa. Duk shekarun da na yi ina koyarwa na faɗi haka a ranar farko, na kuma kama hannun yara da dama na kai su da kaina, wasu suna fushi da ni. Ba na lissafa wannan a matsayin biyan abin da na yi. Ba ya biyuwa.

Hamidu ba shi da hoto, kabarinsa kuma yana wani mashekarin makiyaya da aka tashi aka bari. Abin da ya rage mini daga gare shi mahaifinsa ne. Majo bai taɓa gaya wa Baffa Jaɓɓi rawar da na taka ba, ni ma ban iya ba. Tsohon ya rayu shekaru bayan ɗansa, kuma duk lokacin da ya shigo kasuwa sai ya neme ni, ya kwance bakin rawaninsa ya miƙo mini cuku. Yakan ce, "Ɗana, kai ka riƙe mini Hamidu a baƙon gari. Allah ya riƙe ka." Ina karɓa da hannu biyu, in ce, "Amin, Baffa, Allah ya ƙara muku lafiya." Sau da yawa na shirya maganar tun daga gida, in na gan shi sai ta maƙale. Ya rasu yana yi mini godiya.

Allah ya jiƙan Hamidu, ya jiƙan Baffa Jaɓɓi da Malam Isufu. Ni kuma mai karatu ya sa ni a addu'a, domin waɗanda ya kamata in nemi gafararsu duk sun riga ni tafiya.