Dutsen Da Firmin Ya Nema A Wajena

Rigimata da Firmin Gachon a kan dutsen da nake danne cuku ta fara. Ya leƙo ɗakin madarata, ya gan shi, ya dafe kai.

"Léonie, kin san abin da kika ɗora wa cukunki? Dutsen tsakiyar ƙofar sufaye ne!"

Na ce, "To su zo su karɓa da kansu. Fita, takalminka duk kashin shanu."

Firmin mai gyaran hanya ne, bai taɓa aure ba. Gidan sufayen nan, Kiristoci masu fararen riguna, ya yi shekara ɗari shida a kwarinmu, suna kiwon tumaki suna ibada, kafin a kore su. Kakanninmu suka kwashe ginin a keken shanu, ko tushe ba su bari ba. Duk garin nan babu murhu ko turken alade da ba shi da rabonsa.

Shi kuwa ya ƙudura sai ya sake tayar da ƙofar, ko ita kaɗai ce. Gida-gida yake bi, ya sare wa wannan itace, ya gyara wa waccan rufi, ladansa dutse. Ya tura a baro har makiyayar da ginin ya taɓa tsayawa. A mashaya suna ce masa, "Babban sufi, yaushe za a buɗe?" Sai ya ci gaba da tura baronsa. Bayansa ya ranƙwafe, ƙofar ta tashi, an tokare bakanta da katako, sai giɓi ɗaya a tsakiya.

Duk kaka sai ya zo mini. Shekara talatin ina hana shi. Ba mugunta ba ce, dutsen ya san aikinsa.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ni ma na riga na sayar da shanuna, babu sauran cukun da zan danne. Na sa maza huɗu suka kai dutsen, suka ɗaga. Dutsen ya zurma ta giɓin, saura kaɗan ya karya ƙafar maƙerin da ke cikinsu. Ya yi ƙanƙanta da kusan taƙi guda.

Na kai wa Firmin romo. Ya kama hannun rigata.

"Ya zauna, Léonie?"

Na duba fuskarsa, na ga ƙarya ba za ta shige shi ba.

"Bai zauna ba, Firmin. Na wata ƙofar ne. Shekara talatin kana jin haushina a banza. Tashi ka sha, kafin ya huce."