Azumin da Na Fake da Shi a Gidan Surukai

Cikin duk abin da ya same ni a New York, akwai wata Alhamis da ba za ta taɓa fita raina ba, ranar da na sa mutum goma sha huɗu suka zauna da yunwa saboda ni.

Ɗana tilo ya auri wata Kirista 'yar ƙasar Dominika da suke aiki tare a asibiti. Yarinyar ba ta taɓa ɓata mini rai ba, amma shekara biyu da auren ban sa komai a bakina a gidan iyayenta ba. Ni mace ce mai wasiwasi, alwala ma sai in sake ta sau uku. Da bikin godiya na Amurkawa ya zo, wanda dangi ke taruwa a ci talotalo, sai suka gayyace ni gidansu a unguwar Soundview. Ɗana ya ce, "Mma, don Allah wannan karon ki ci. Uwarta tana ganin ƙyamarsu kike yi."

Kwana uku ina juya maganar. Wa ya yanka talotalon? A wace tukunya aka dafa? Ga shi na ji ba sa biki sai da giyar inabi. In na ƙi ci na kunyata ɗana, in na ce ba ni da lafiya na yi ƙarya. Can sai dabara ta zo mini: bikin kullum Alhamis yake faɗowa, azumin Alhamis kuwa sunna ne. Na tashi na yi sahur, ina ganin na yi wayo.

Ƙarfe biyu muka isa. An cika tebur da talotalo da shinkafa da wake da soyayyiyar ayaba. Surukata, uwar matar ɗana, ta kama hannuna ta zaunar da ni kusa da ita. Na raɗa wa ɗana cewa azumi nake. Kallon da ya yi mini har yau yana damuna. Da ya gaya musu, surukata ta tambaya yaushe zan sha ruwa, ya ce sai rana ta faɗi, wajen huɗu da rabi. Ta tashi ta fara rufe kwanuka. Ɗana ya fassara mini abin da ta ce: "A gidana ba a ci baƙuwa tana kallo."

Na roƙe su su ci, suka ƙi. Mijinta, wani tsoho mai raha, ya shafa tumbinsa ya ce likita ya daɗe yana fama da shi ya rage ci, ashe suruka ake jira. Kowa ya yi dariya ban da ni. Na so in karya azumin nan take, zuciyata ta ce ba a karya azumi haka kawai.

Muna cikin jira surukata ta ja ni kicin. Ta nuna mini tukwane sababbi, ko takardar kanti ba a ɓare ba. Talotalon kuma, ashe bas biyu ta hau har unguwar Morris Heights ta sayo wurin mahaucin da ni kaina nake sayen nama. Naman alade da suka saba yi duk shekara ba su yi ba. Kwalaben giyar suna kan firji; tsohon ya ce mai so ya zo nan ya sha, kada a kai teburin da nake. Duk wannan an yi shi tun ina gida ina ƙulla dabarata.

Tsohon ne ya tsaya bakin taga yana duba agogo. Da lokaci ya yi ya tafa hannu, surukata ta miƙo mini ruwa da kanta. Na yi magariba a ɗakin 'yarta, na dawo na ci, har na ƙara. Sannan na ce wa ɗana ya gaya mata gaskiya, ba don Allah kaɗai na ɗauki azumin nan ba, gudun abincinta na yi.

Ta yi dariya ta dafa kafaɗata. Ta ce ai ta sani. Ita ma tana amarya, a cikin jakarta take ɓoye girkin uwar mijinta.

Azumin nan ban san ko an karɓa ba, na dai nemi gafara a kansa. Abin da na koya shi ne ibada ba wurin ɓuya ba ce. Da na buɗe baki na tambayi matar nan abin da ke damuna, da ba ta ci girkinta da sanyi ba.