Gilashin Sista Rifkatu

Har gobe ban manta da ranar da gilashin gwajin Sista Rifkatu ya zo hannuna ba. Lokacin ina ƙaramar ma'aikaciya a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti a Abuja, ita kuma nas ce mai kawo mana samfur daga sashen mata. Daga Mpape take zuwa, kullum da soyayyar gyaɗa a jaka, ga tsokana. Wannan karon tsokar da aka gutsuro ta bakin mahaifarta ce.

Ku sabbin ma'aikatan ɗakin gwaji, ga yadda abin yake. Cikin kowace ƙwayar halitta akwai furotin masu gadi da ke hana ta hayayyafa barkatai. Ƙwayar cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa takan ƙera nata furotin, ya ɗaure masu gadin. Sai ƙwayar halittar ta ruɗe, ta yi ta tara wani furotin daban. Shi muke nema da rini: in ya taru, tsokar ta koma ruwan ƙasa. A ƙa'ida kuma, kowane gwaji sai an haɗa da gilashin shaida, wanda muka riga muka san yana ɗauke da cutar.

Nata ya fito fes. Har na yi hamdala a fili. Ta leƙo, ta ga fuskata, ta juya da sauri ta kira 'yarta. Sannan na ɗora gilashin shaida. Shi ma fes, alhali ya kamata ya koma ruwan ƙasa. Ashe firij ya sha rashin wuta, rinin ya mutu.

Na kai wa ogan sashenmu. Ya ce, "Babu sakamako ke nan. Ke za ki gaya mata ko ni?"

Na same ta a baranda tana dariya a waya. Na tsaya har ta gama.

"Sista, rinin bai yi aiki ba. Ba mu san komai ba tukuna."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "To ki sake, 'yar'uwa. Amma kar ki ba wani. Ke za ki duba min."

Na sake da sabon rini, ruwan ƙasa ya fito. Ba zan ɓoye muku ba, kuka na yi. Amma abin bai yi nisa ba, likita ya cire wurin. Yanzu haka tana goyon jika.

Shi ya sa nake damunku da gilashin shaida. A aikin nan labari mai daɗi ya fi buƙatar a sake dubawa, don shi ne ba wanda ke son tuhuma. Da mun bar ta da murnar ranar nan, da mun binne ta tana zaton lafiyarta ƙalau.