Sharaɗin Rijiyar Kaka Bawa

Shekara arba'in da biyu ke nan da muka kai Kaka Bawa makwancinsa. Ni babban jikansa, yau furfurata ta fi wadda ya tafi da ita.

Tun kafin zuwan Nasara, yana saurayi, ya haƙa rijiyar ƙauyenmu da ke yamma da Dakoro, shi da ƙannensa biyu. Gaba talatin suka nutsa. Ranar da suka fasa dutsen ƙasa, ruwa ya taso da kansa ya biyo su har rabin rami, da kyar aka jawo ƙaraminsu. Kaka kan ba da labarin yana dariya, wai bai taɓa ganin ruwa ya kori mai nemansa ba sai ranar.

Ba a jima ba aka ce ruwan maganin kurkunu ne. Daga Kornaka da Ɗan Gulbi ake kawo mutane bisa jakai, ƙafa a kumbure, gona na jira. Kaka ba malami ba ne, ba kuma boka ba. Sharaɗinsa ɗaya: wanda ya sha rijiyar, kada ya sake kai baki tabki har damina ta zagayo. Mutane suka ce dokar aljanun rijiya ce, shi kuwa bai musa ba. Sai da ya tsufa tukuf ya gaya mini cewa lura kawai ya yi: gidanmu da ba a shan tabki, kurkunu bai taɓa kayar da kowa ba.

Ya ce, "In na ce musu dubarata ce, wa za ya ji? Bar su da aljanunsu, ƙahwahu dai su warke."

Bara aka yi mana foraj, wato rijiyar burtsatse, mai famfo shida, sai aka kawo shawarar a cike tsohuwar rijiya tunda bakinta ya zaizaye. Abin ya yi mini ciwo. Na san da Kaka na nan, famfon zai fara zuwa gani, ya tambayi zurfinsa, ya sa wa masu aikin albarka. Ni ne dai ban iya saki ba.

A taron ƙauye na so in tsorata su da aljanu, sai na ji kunya, na faɗi gaskiyar da na riƙe shekara da shekaru. Na zaci na kashe rijiyar da bakina. Sai Inna Hajo, wadda aka taɓa kawo mahaifinta bisa jaki, ta ce in haka ne ai ba aljani za a gode wa ba, mutum ne, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Aka yi wa bakin rijiyar siminti, aka sa murfi.

Rijiya ta tsira, amma na gane ba ita ce babban gadonsa ba. Rannan na kwatanta wa jikokina kurkunu, tsutsar da ake naɗewa a tsinke tana fita daga ƙafar mutum. Suka dube ni, suka ce tatsuniya nake yi. Allah Ya jiƙan Kaka Bawa.