Zoben Kawu a Tanki na Uku

Shekara ashirin da shida kawuna ya yi yana kula da injin hura iska a ma'aikatar tace azurfa, har abokan aiki suka laƙaba masa Mai Iska. Matarsa, da muke kira Inna, ta tsani sunan nan.

"Mutum da hankalinsa a riƙa ce masa mai iska," in ji ta.

Shi kuwa ko a jikinsa. Ana niƙa dutse ne ya zama gari, a zuba a manyan tankuna tare da ruwan sayanaid, wata guba mai narkar da azurfar da ke cikin dutsen. Sai dai gubar ba ta cin azurfa sai da iska. Ana kuma ƙara farar ƙasa don kada ruwan ya yi tsami ya tashi tururi mai kisa. Kawu yakan bugi ƙirji ya ce ranar da injinsa ya tsaya, kowa ya kama hanyar gida.

Wata safiya ya cire zoben azurfar da Inna ta saya masa, ya jefa a aljihun riga don ya sa safar hannu. Yana sunkuyawa don duba kumfar tanki na uku, zobe ya sulale ciki.

Ya garzaya wurin mai gwajin ruwa, wata mata mai tabarau da ba ta cika magana ba.

"'Yar'uwa, a tsayar da tanki a lalubo mini zobena mana."

"Wa zai sa hannu a guba? Koma kan injinka. A hankali zai narke ya bi ruwa. In mun zuba garin ƙarfen tutiya azurfar za ta kwanta, mu kai ta wuta."

"To a ina zan ga nawa?"

"Ko'ina," ta ce, ta ci gaba da rubutunta.

Kwana biyu yana ɓoye hannu a gida kafin ya faɗa. Inna ta saurari bayanin tsaf.

"Wato kai da kanka ka tsaya kana hura masa iska har ya narke?"

Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Washegari ta tattaro rigunansa na aiki ta sa wa kowane aljihu maɓalli biyu.

Bara ya ajiye aiki da lafiyarsa. Yanzu tumatir yake nomawa a bayan gida, kullum yana rigima da kajin maƙwabta.