Tozon Shanun Baffa

Lokacin da nake digiri na biyu a Zariya, bincikena a kan tozon shanu ne. A jikin dabba akwai ƙananan ƙwayoyin saƙo da ake kira RNA. Wasu umarnin gina furotin suke ɗauka, wasu kuwa ba sa gina komai, aikinsu su sa ƙwayar halitta ta zama ta kitse ko su hana ta. So nake in gano ko su ne ke sa wata saniya ta tara tozo, 'yar'uwarta ta rame, alhali ciyawa ɗaya suke ci.

Wani makiyayi abokin mahaifina, da muke kira Baffa, shi ya yarda ya taimake ni. Rugarsa na bakin daji, bayan Tsohon Birnin Gwari. Da na yi masa bayani sai ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, wato kitse ma sai an ba shi izini? To, ranar da mahauta za su yanka bijimina, zan aika maka."

Ya kuwa aiko mini da saƙo, na je can garinmu na karɓi yankan kitsen tozon. Matsalar ita ce RNA ba ta jure ɗumi. Na cusa yankan kitsen cikin ƙanƙara a kula, na shiga motar Kaduna. Ba mu yi nisa ba direbobi suka tsaya, wai an tare hanya a gaba. A nan muka wuni, ƙanƙarar ta narke a cinyata. Malamina ya duba sakamakon, ya ce babu abin karantawa. Ya ƙara da cewa me ya kai ni neman shanu a irin wannan wuri, kamar ni na zaɓi garin da aka haife ni.

Na sake shiri bayan damina, na dawo gida. A zauren mahaifina na tarar da Baffa, ya rungume sandarsa. 'Yan bindiga sun kore garken kaf.

"Ko maraƙi ba su bari ba," ya ce, bai ɗago ba.

Da bayanan binciken da aka yi kan ɓeraye a wata ƙasa, da na sauke daga intanet, na kammala aikin, har aka yaba mini. Baffa kuwa ya koma wajen 'yarsa a jihar Neja. A can ya rasu, kuma sai bayan an rufe shi labarin ya iso mana.